Allon Ruwan Sama

Yawancin ranakun aikina a Guangzhou sun narke sun zama rana guda mai tsawo, cike da ƙarar salatif da warin sabuwar leda. Amma ban taɓa mantawa da wata Talata ta watan Maris ba, a shekarata ta shida a nan. Duk sabon ma'aikacin da aka kawo sashenmu sai ya tsaya gaban hoton da ke rataye a saman sikeli ya tambaye ni, "Malam Bala, me ya sa mutanen nan suka duƙa a ƙarƙashin lema alhali ba a ruwa?" Marasa kunya a ranar farko suke tambaya, masu kunya sai sun yi mako. Na gaji da ba da amsa a tsaye da buhu a hannu, shi ya sa na zauna na rubuta, duk wanda ya zo sai in miƙa masa.

Kafin in zo ƙasar nan malamin Tarihi ne ni a Kano. Shekara goma sha ɗaya ina koya wa 'yan aji uku yadda dauloli suke tashi su faɗi, su kuma suna koya mini yadda ake barci ido a buɗe. Daga nan na zo Chaina, na shiga wani kamfanin kago da ke unguwar Sanyuanli, wanda yake aika kayan 'yan kasuwarmu gida ta jirgin sama. A lokacin da nake ba da labari ni ne shugaban sashen ɗaure kaya. A samana akwai manaja, Alhaji Mamman. A ƙasana akwai masu ɗauri huɗu, babbansu Lao Chen.

Ga wanda bai san aikin ba, ga yadda yake. Mai kaya ya kawo kayansa, a ba shi takarda ya faɗi abin da ke ciki. A buɗe a duba ko akwai batir, ko turare, ko wani abin da jirgi ba ya ɗauka. Sai a zo kan abin da muke kira rage nauyi. Daga nan a auna, a naɗe da leda, a saka a koren buhu, a rubuta suna da gari, a jira motar da ke tashi zuwa filin jirgi na Baiyun da ƙarfe huɗu na yamma.

Rage nauyi shi ne abin alfaharinmu. Jirgi ba ya tambayar darajar kaya, nauyinsa kawai yake tambaya. Ɗan kasuwa zai sayo takalma a kasuwar Canaan, kowane da kwalinsa, kowane an cusa masa takarda a ciki kamar mai ciwon haƙori. Mu kuwa sai mu cire kwali, mu cire takarda, mu cire hangar riga, mu cire duk abin da aka saka don ado ko don tokare kaya. Ba ma tambayar mai kaya, domin shi ma abin da ya kawo shi wajenmu ke nan. Katako kuwa ba ma ko kallonsa sau biyu. Ga nauyi, ga shi idan ya isa filin jirgi a matsayin abin tokare kaya sai an nemi shaidar an yi masa feshin ƙwari. Saboda haka duk katakon da aka gani a gindin kwali, hanyarsa ɗaya ce, ƙofar baya, inda wata dattijuwa mai tara kwalaye take biyowa da kekenta mai ƙafa uku wajen sha biyun rana. Kowa Ayi yake kiranta, wato inna.

Lao Chen ya haura sittin, ya fi shekara ashirin yana ɗaure kayan Hausawa. Hausarsa ba ta wuce sannu, yauwa, babu da wahala ba, kuma na lura da waɗannan huɗun mutum zai iya rayuwa a cikinmu ba tare da ya rasa komai ba. Tsakanina da shi akwai wata al'ada. In ya ga abin da yake shakka, sai ya ɗaga shi sama daga inda yake ya ce, "Yao bu yao?" Ana so ko ba a so? Ni kuma daga teburina in ce yao, ko in ce bu yao. A wuni nakan yanke irin wannan hukunci ya fi sau hamsin. Babu alƙalin da ya kai ni sauri, kuma ba a ɗaukaka ƙara.

Watan Maris a Guangzhou wata ne da gari yake jiƙewa ba tare da an yi ruwa ba. Bango yana gumi, tayil yana gumi, rigar da ka shanya ran Asabar tana nan yadda ka bar ta ran Laraba. Dogayen gine-gine sai su rasa kawunansu cikin hazo. A irin ranakun nan mutum yakan ji kamar bai gama farkawa ba.

Wajen ƙarfe goma sha ɗaya wata mata ta shigo da kwali guda, ɗaure da igiya, irin ɗaurin da ka gani ka san mai shi ba ya gaggawa. Siririya ce, da tabarau, yatsunta duk tabon yanka. Ta ce sunanta Rakiya, yayanta tsohon mai hulɗa da mu ne, shi ya ce ta zo. Malamar zane ce a wata kwaleji a Zariya. Shekara uku ta yi a Japan tana koyon aiki, yanzu za ta koma gida, jirginta gobe, kaya sun yi mata yawa.

"Malama, me ke ciki?" na tambaye ta, biro a hannu.

"Takardu ne da kayan aiki."

Na rubuta takardu da kayan aiki. Ban ce wane aiki ba. Wannan shi ne kuskure na farko, ku riƙe shi.

Na ce doka ce sai an buɗe. Ta kwance igiyar da kanta, ta ɗauko wata faffaɗar jaka daga saman kwalin, ta dubi ƙasa yadda ta jiƙe, ta ce, "Malam, wannan ba zan buɗe a nan ba. Akwai teburi busasshe?" Na kai ta teburina a can ƙuryar ɗakin. Kwalin da sauran abin da ke ciki muka bar shi gaban sikeli, wajen Lao Chen. Ita ba ta san al'adarmu ba. Ni da na sani, hankalina ya riga ya bi jakar.

Ta sa na goge hannuna sau biyu. Sannan ta fara fitar da su ɗaya bayan ɗaya.

Na sha ganin hotuna, amma ban taɓa ganin irin waɗannan ido da ido ba. Takardar tana da laushi kamar tsohon zane da aka sha wankewa, launin kuma ba a kanta yake zaune ba, ya shige cikinta. Na farko yaƙi ne a kan teku, jirage sun cakuɗe, kibau suna sauka, wani jarumi ya tsaya a bakin jirgi sulkensa ya fi shi girma. Ta ce tarihi ne, an yi yaƙin da gaske. Na biyu tatsuniya ce, wata mace tana tafiya a bayan labulen takarda da fitila, ita mace, inuwarta kuwa ta yanyawa. Sai masu wasan kwaikwayo, fuska fari fat da jan zane, baki a murɗe, ido ɗaya ya karkace ya dubi ɗan'uwansa. Ta ce a wasansu idan abu ya kai maƙura, ɗan wasa sai ya daskare a haka, masu kallo su yi ta ihu.

Akwai wani Elhaji Isufu, mutumin Maradi, da ke zaune a benci yana jiran a auna masa butocin shayi. Ya leƙo ta kafaɗata ya ce, "Wallahi na san wannan mutum. Hakanan huskata ta yi ranar da kunka kai mini kaya Abuja."

"Elhaji, ai an dawo maka da su."

"An dawo da su, amma idon bai koma daidai ba har yau."

Malama Rakiya ta yi dariya, ta ci gaba. Waɗanda suka fi kama ni su ne na talakawa. Mai sayar da kifi yana gardama da wata tsohuwa. Kafintoci a kan rufi, ɗaya ya tsaya yana sosa ƙeya. Matafiya iska ta kwashe musu huluna. Ta ce mutanen can suna kiran irin waɗannan hotunan da wani suna da ke nufin duniya mai shawagi, kamar abin da ke yawo a kan ruwa, yau ga shi gobe babu. Na ɗaga kai na dubi taga, na ga rabin gari ya ɓace cikin hazo, na ce a raina ashe mu ma a cikinta muke.

Na tambaye ta da wane irin buroshi ake zana layi siriri haka. Ta ce ba zanawa ake yi a takardar ba, bugawa ake yi. Mai zane ya zana, a manna zanen a kan allon katako mai tauri, masassaƙi ya bi da wuƙa ya ƙwaƙule duk inda babu layi, ya bar layin a tsaye. Wannan allon baƙi ke nan. Sannan kowane launi da nasa allon. A shafa launi da ɗan kunun shinkafa, a ɗora takarda mai danshi, a murza bayanta da wani faifai da aka naɗe da ganyen gora. A ɗaga, a kai ta allo na gaba. A kusurwar kowane allo akwai wata 'yar tsaga inda takarda take zama, don kada shuɗin kogi ya hau kan fuskar mutum.

"Kuma ka san abin dariya, Malam?" in ji ta. "A zamaninsu ba wani abin daraja ba ne, na kowa da kowa ne. Har ana cewa waɗansu Turawa sun fara ganinsu ne a cikin akwatunan tangaran, an cukuikuye su an tokare kwanuka da su."

Na ji daɗin wannan magana ƙwarai. Na gyara zama irin na gaban allo na ce, "To ashe 'yan kago ne suka fara fitar da su duniya. Kin ga, Malama, tarihi bai taɓa yi wa sana'armu adalci ba."

Daidai nan na ji muryar Lao Chen daga can gaban sikeli. "Malan! Yao bu yao?" Na waiga da rabin ido. Yana riƙe da wani abu mai faɗi naɗe a tsohuwar jarida, ya yage gefe, baƙin katako ya leƙo. Ya ƙwanƙwasa shi da yatsa don in ji.

"Bu yao," na ce, na juyo. Malama Rakiya tana sunkuye tana ciro hoto na ƙarshe, kuma ko da ta ji, yaren ba wanda ta koya ba ne.

Na ƙarshen nan mashigar kogi ce ana ruwa. Kwalekwale ya taso daga gaɓa, mai tuƙi ya tokare da gora, mutum biyar a ciki sun duƙa ƙarƙashin lema, wata mata ta rufe kwandonta da hannun riga. A gaɓa wani ya makara, yana gudu yana ɗaga hannu. Ruwan kuwa layuka ne sirara masu launin toka, ɗaruruwa, sun sauko a karkace, babu wanda ya taɓa ɗan'uwansa. Ban san tsawon lokacin da na yi ina kallo ba. Na ji sanyin ruwan a wuyana. Na tuna wata rana ina yaro a hanyar Wudil, ni da mahaifina mun fake a rumfar mai rake, yana riƙe da takalmansa a hannu. Shekara arba'in ban tuna ranar nan ba sai a gaban takardar wasu mutane da ban san yarensu ba.

"Wannan ni na buga shi," in ji ta. "Amma allunan ba ni na sassaƙa ba. Mahaifin malamina ne. Malamin nawa ya tsufa, hannunsa ya fara rawa, ɗansa kuma aikin banki yake yi, ba ruwansa. Ranar da zan taho ya ce in ɗauka in tafi da su inda za a ci gaba da shafa musu launi. Guda bakwai ne. Da su zan fara koya wa ɗalibaina."

"Ikon Allah. Suna ina yanzu?"

"Ai ga su can a gindin kwalin. Na naɗe su a jarida."

Akwai wani irin shiru da ke sauka a aji idan ka yi tambaya ka gane kai ne ba ka san amsar ba. Shi ya sauko mini. Na dubi agogo, sha biyu da rabi ta wuce. Na dubi sikeli. Kwalin yana nan an naɗe shi tsaf da leda, ya rage tsawo, Lao Chen yana tsaye kusa da shi yana murmushi irin na wanda ya yi aikin kirki. Ya ɗaga mini yatsu ya nuna: daga kilo goma sha tara ya mayar da shi shida.

Na ruga ƙofar baya. Babu komai sai jiƙaƙƙen siminti da sawun taya uku.

Da na dawo na faɗa mata, ba ta yi ihu ba. Ta cire tabaraunta, ta goge da gefen mayafi, ta mayar. Ta ce, "Malam, wasa kake yi."

"Wallahi Malama, da ma wasa ne."

Alhaji Mamman ya fito daga ofis, ya ji bayani, ya tambaya da Hausa, "Wa ya ce a zubar?" Lao Chen bai ji kalmomin ba amma ya ji muryar. Ya sunkuyar da kai, ya sa hannuwansa a baya. Ba zan ɓoye muku ba, na ga ƙofar tsira a buɗe. Dattijon ba zai iya kare kansa da kalmomi huɗu ba, kuma shi ya ɗauka ya fitar. Na yi daƙiƙa biyu ko uku ina kallon ƙofar nan, kuma har yau ina jin kunyar tsawonsu.

"Ni ne, Alhaji. Ya tambaye ni, na ce a zubar."

"Ka duba?"

"Daga nan na duba."

"Daga nan." Ya auna nisan teburina da sikeli da ido. "Kai da ka karanta Tarihi?"

"Shi ne ya ɗauke mini hankali, ranka ya daɗe."

"To tashi ka nemo shi. Ni zan tsaya a sikeli. Kada ka dawo mini da bayani, allo nake son gani."

Lao Chen ya san hanyar Ayi. Ya ce takan zaga lunguna har wajen ƙarfe uku, sannan ta kai abin da ta tara wani fili inda ake rabawa, kwali gefe, ƙarfe gefe, katako kuma a watsa shi mota a tafi da shi a niƙe. Muka fita mu uku, shi a gaba, ni a tsakiya, Malama Rakiya a baya.

Wanda bai shiga lungunan Sanyuanli ba ba zai gane ba. Gidaje sun matsu har maƙwabci zai iya miƙa wa maƙwabci gishiri ta taga a hawa na biyar. Sama ta zama zare. Wayoyin lantarki suna ɗiga, fitilun shaguna a kunne da rana tsaka. Ya kamata a ce tsoro ne kawai a raina, kuma akwai shi, amma wani abu ya same ni da ban iya hana shi ba. Duk inda na duba sai in ga hoto. Mai gyaran takalmi ya duƙa, baƙin layi ya zagaye shi. Wata mata ta ratsa da sanda a kafaɗa, kwando gaba kwando baya. Wasu samari 'yan Kano sun fito daga shago da ƙullin riguna a ka, mai shagon yana bin su da "laoban, laoban", wato maigida. Na riƙa lissafa allo nawa za a sassaƙa kafin a fitar da kowannensu. Mutumin da ya zubar da allo bakwai ke nan, yana tafe yana rabon alluna.

Mun same ta wajen ƙarfe biyu a ƙarƙashin gadar sama, tana cin shinkafa a kan kekenta. Lao Chen ya yi mata magana da sauri. Ta ajiye cokali, ta ɗaga wasu kwalaye. Ga su nan, tsirara, domin ta riga ta cire jaridar ta haɗa da takardu. Malama Rakiya ta durƙusa a kan jiƙaƙƙen titi tana juya su. Ta ɗaga baƙin, na ga mai kwalekwale da gorarsa, komai a juye, hagu ta koma dama. Ta ƙirga. Biyar.

Ayi ta ce ta lura da sassaƙar, ta ɗauka irin katakon da ake zuba ƙullin waina ne don ya fito da ado, har tana mamakin wace irin waina ce da mutane a kwalekwale. Ɗaya ta ba wani tela a lungu na uku, kekensa yana rawa. Ɗaya kuma, ta yi alama da hannu, wanda babu komai a jikinsa sai ƙarce-ƙarce kamar kaza ta yi tono, shi ta shimfiɗa a kan kwata ta haye da kekenta, ta bar shi a can.

Malama Rakiya ta ce a hankali, "Allon ruwan ke nan."

Telan bai yi gardama ba. Ya ɗaga keken ɗinkinsa muka zaro allon kogi, ƙafar keken ta riga ta lotsa shi a tsakiya, zagaye kamar bakin kofi. Shida. Muna fitowa daga shagonsa hazon da ya wuni yana shawara ya yanke hukunci. Aka tsuge da ruwa.

Na cire rigata ta sama muka rufe allunan, Lao Chen ya rungume su, muka bi kwatancen Ayi da gudu. Da muka isa, kwatar ta cika ta tumbatsa, ruwa yana gudu da ledoji da bawon lemo yana shigewa wani rami a ƙarƙashin titi. Babu allo. Lao Chen ya miƙa mini shidan, ya naɗe wando, ya kwanta a ƙasa ya zura hannu cikin ramin har kafaɗa. Ya lalubo ya lalubo, ya fito da takalmin roba ƙafa ɗaya. Ya sake komawa. Na ba Malama allunan ni ma na kwanta. Dattawa biyu kwance a titi, masu wucewa suna ɗaga lema suna kallo.

"Ku tashi," in ji ta. "Malam, ka ce masa ya tashi. Allon ya tafi."

Muka fake a bakin wani shago. Ruwan yana sauka a karkace, sirara, daidai yadda na gan shi a teburina. Na ce, don in ce wani abu, "Ba za a iya sassaƙa wani ba?"

"Kowane layi sai an bar shi a tsaye, a ƙwaƙule gefensa biyu, kuma bai fi kaurin gashi ba. Malamina bai taɓa yarda ya gwada ba. Ni in na yi goma, na sha ɗaya sai ya karye." Sannan ta ce, "Da na ce maka alluna ne."

"Da na tambaya, Malama. Da na taso."

Ba ta ce ta yafe ba, ni ma ban roƙa a lokacin ba, don na ga bai kamata in ƙara mata wani aikin ba.

Motar ƙarfe huɗu ta tafi ba da kayanta ba. Alhaji Mamman ya bi takardun da kansa, aka rubuta allunan a matsayin kayan sassaƙa, suka bi motar Juma'a. Lao Chen bai bar kowa ya taɓa su ba. Ya bar su suka sha iska, ya naɗe kowanne a ƙyalle, ya saka kwali a tsakani, ya ƙara wani a gefe. Tun da aka buɗe kamfanin nan, wannan ne kwali na farko da aka cire wa abu ya fita ya fi yadda ya shigo nauyi.

Bayan wata takwas yayanta ya zo sayen kaya, ya miƙo mini wata faffaɗar ambulan. Hoton da kuke gani ne. Ga kwalekwale, ga mai gora, ga mutum biyar sun duƙa, ga wanda ya makara yana gudu, sama kuwa wasai. A tsakiyar kogi akwai wani farin zagaye inda launi bai kama ba, baƙi sukan ce hasken farin wata ne, ni da Lao Chen mun san ƙafar keken ɗinki ce. A bayan takardar ta rubuta da fensir: "Malam Bala, ga abin da ya iso. Ruwan yana wajenku." Na yi shekaru ina duba rubutun ɗalibai, na san yabo na san zargi, amma wannan layi har yau ban yanke masa maki ba. Yayan nata ya ce ɗalibanta suna bugawa da shidan, ita kuma ta gwada allon ruwa sau uku yana karyewa, ta sayo katako na huɗu.

Daga ranar nan dokar sashenmu ta canja, kuma ita ce za ku tarar. Ba a rubuta "kayan aiki" a takarda, sai an faɗi wane aiki. Ba a zubar da komai sai mai kaya ya gani da idonsa. Abin da aka naɗe, a kwance shi, a juya gaba da baya. Sana'armu ta koya mana sanin nauyin abu tun kafin ya hau sikeli, kuma gwaninta ce ta gaske, sai dai nauyi shi ne kaɗai abin da kaya yake faɗa wa mutum daga nesa. Sauran sai an taso an zo. Na kuma koyi wani abu game da mutanen da nake aiki da su. Dattijon da na kusa bari da laifina bai taɓa tayar mini da maganar ba, ko da kalmominsa huɗu, kuma shi ya riga ni kwanciya a kwata.

Bara, da Maris ya zagayo, bango ya fara gumi, gilashin hoton ma ya yi raɓa. Ina teburina na ga Lao Chen ya tsaya a gabansa da tsumma a hannu, bai goge ba. Ya ɗaga tsumman ya ce, "Malan, yao bu yao?"

Na ajiye biro, na taso, na zo har gaban sikeli. Raɓar ta taru ta fara gangarowa a kan gilashin, sirara, layi bayan layi, tana bi ta kan lemomin, ta kan matar da ta rufe kwandonta, ta kan wanda ya makara. Muka tsaya ni da shi muna kallo har wani mai kaya ya yi gyaran murya a bayanmu.

Sannan na ce masa bu yao, ya mayar da tsumman aljihu, muka koma kan buhuna.